FASHIN BAƘI: Inji, batir da farfela: Lissafin da matashin Riruwai zai yi kafin ya sayi kayan ƙaramin jirgin igiya

Kimanin shekara ɗari ke nan da jirgin sama ya fara sauka a Kano. A watan Nuwamba na 1925 ne jirage uku na rundunar sojin saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a birnin, kuma tun daga lokacin sha'awar ƙera abin da zai tashi sama ba ta rabu da matasan jihar ba. A 2007 sunan Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ya zagaya duniya bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. A yau ma shafukan Facebook da TikTok ba sa rabuwa da hotunan samari riƙe da jiragen da suka ƙera da kwali, langa-langa ko soso.

Sai dai da yawa daga cikin waɗannan jirage a ado suke tsayawa. Siffa ta yi kyau, fenti ya zauna, amma jirgi ba ya barin ƙasa. Akasari ba basira ce ta gaza ba. Abin da ke faruwa shi ne an sayi inji daban, batir daban, farfela daban, ba tare da an auna ko sun dace da juna, ko sun dace da nauyin jirgin da za su ɗauka ba.

Akwai wani nau'in ƙaramin jirgi da ya fi sauran sauƙin kuɗi da sauƙin koyo, wanda ba ya buƙatar rimot ko kyamara, wato jirgin igiya. Ga malamin kimiyya ko matashi mai sha'awa a Riruwai, Tudun Wada, Kiru ko Bebeji, shi ne ƙofar da ta fi kusa. Amma shi ma sai an bi lissafinsa daki-daki.

Mene ne jirgin igiya?

Jirgi ne ƙarami mai inji da farfela, wanda ke zagaya matuƙinsa a da'ira. Matuƙin yana tsaye a tsakiyar fili riƙe da mariƙi, igiyoyi biyu sirara sun tashi daga mariƙin sun shiga jirgin ta ƙarshen fiffikensa na ciki. A cikin jirgin igiyoyin suna ɗaure da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a kan ƙusa, shi kuma yana tura wata 'yar sanda da ke ɗaga bayan wutsiyar jirgin ko ta sauke shi. In matuƙi ya karkato da hannunsa sama, jirgi ya hau. In ya karkatar ƙasa, jirgi ya sauko.

A Amurka aka raini wannan fasaha. Oba St. Clair ya tashi irin wannan jirgi a jihar Oregon a 1937, sannan Jim Walker na birnin Portland ya yaɗa shi a kasuwa daga farkon shekarun 1940. Daga baya kamfanin Cox ya cika duniya da wani ɗan injin mai da girmansa bai wuce sisi 0.8 ba, kuma da shi ake auna ajin ƙananan jiragen igiya har gobe. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, tana shirya gasar duniya ta jiragen igiya a rukunoni huɗu: gudu, ƙwarewar juyi, tseren ƙungiya da artabu.

Wancan injin mai yana buƙatar man musamman da ba a samu a gidan mai. Injin lantarki ya kawar da wannan matsala, kuma ya daɗe da nuna cewa ba na wasan yara kaɗai ba ne: da jirgi mai lantarki Igor Burger na ƙasar Sulobakiya ya lashe gasar duniya ta ƙwarewar juyi a 2012.

Abin da ya sa kuskure ya fi tsada a kudancin Kano

Kayan wutar jirgin guda biyar ne: farfela, inji, batir, na'urar sarrafa gudun inji, da na'urar lokaci. Wayoyi, dalmar liƙi da mitar awon wuta ana samun su wajen masu gyaran waya da rediyo, ko a kasuwar Sabon Gari da ta Farm Centre a birnin Kano. Amma inji da na'urorinsa galibi sai an yi odarsu ta intanet, yawanci daga ƙasar Sin, a jira makonni. Batirin litiyam kuwa ya fi wuyar isowa, domin dokokin sufurin jiragen sama sun tsaurara a kan ɗaukarsa.

Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tana can ƙarshen kudancin jihar. Kayan da ya iso Kano sai ya bi ta Kwanar Ɗangora, ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore kafin ya shiga hannun mai shi. Wanda injinsa ya ƙone a minti na farko ba shi da shagon da zai ruga ya sayo wani. Kuɗin sun tafi, zangon karatu na iya ƙarewa kafin sabo ya iso, kuma yaran da suka taru kallo sun watse da tunanin cewa abin ba na irinsu ba ne. Don haka lissafin takarda da biro ya fi komai araha a wannan aiki.

A fara da sikeli

Babban kuskuren mai farawa shi ne ya sayi inji tukuna, sannan ya ƙera jirgi a kansa. Tsarin da ya dace akasin haka ne. Ana fara yanke nauyin jirgin gaba ɗaya, da batir da komai, daga nan sauran lambobi suke fitowa.

Ƙaramin jirgin koyo mai faɗin fukafukai santimita 60 zuwa 70 ya kamata ya tsaya tsakanin giram 200 da 300. A ɗauki giram 250 a matsayin misali. Kayan wuta kan cinye kusan kashi ɗaya cikin uku: inji giram 25 zuwa 30, batir kimanin giram 40, na'urar sarrafa gudu kimanin giram 10, sai na'urar lokaci, farfela da wayoyi su cike zuwa giram 90. Abin da ya rage wa gangar jiki, fukafukai, wutsiya da tayoyi giram 160 ne kacal.

Wannan adadi shi ke yanke hukunci a kan kayan ƙira. Langa-langa da katakon kafinta sun yi nauyi. A ƙasashen waje ana amfani da wani icce marar nauyi da ake kira balsa; a nan kuwa ana iya amfani da allon soso, ko farantin roba mai ramuka irin wanda ake buga tallace-tallace a kai, ko tukurwa da aka fere ta bushe, wadda yara suka daɗe suna ƙera motocin wasa da ita. Ƙaramin sikelin dijital, irin na masu sayar da kayan ƙamshi ko zinari, shi ne kayan aiki na farko da za a tanada.

Masu wannan wasa suna da ƙa'idar da suka gada daga gwaji: jirgin igiya yana son wat 250 zuwa 300 ga kowane kilo na nauyinsa. Ya ɗan fi abin da jirgin koyo mai rimot ke buƙata, saboda shi bayan kansa yana jan igiyoyi biyu cikin iska. Jirgi mai giram 250 ke nan yana neman wat 60 zuwa 75.

Gudu ne ke ɗaure igiya

Duk sarrafa jirgin ya dogara ne a kan igiyoyi su kasance a miƙe. Da zarar sun saki, hannun matuƙi ya rabu da wutsiyar jirgi, sai jirgin ya karkato cikin da'ira ya nufo mai shi ko ya soke ƙasa. Abin da ke miƙar da su shi ne gudun zagayen, kamar yadda majajjawa ke ɗaurewa in ana wulwula ta.

Ga ƙaramin jirgi, igiyar mita 11 ta wadatar. Da'irar da zai zagaya ta kai kusan mita 69. In yana kammala zagaye a daƙiƙa 4, gudunsa ya kai mita 17 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 62 a sa'a, kuma jan da matuƙi zai ji a hannunsa ya kusa giram 700. In gudu ya ragu har zagaye ya koma daƙiƙa 5 da rabi, jan zai faɗo zuwa kimanin giram 360. Gudu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma ja ya ragu da rabi, domin ja yana tafiya ne da gudu sau gudu.

A nan ne raunin inji ke zama haɗari. Jirgin da ke tafiya a sanyaye zai iya zagayawa lafiya in iska ta kwanta, amma da ya iso ɓangaren da'irar da iska ke turo shi wajen matuƙi, igiya za ta saki. Gudu fiye da kima shi ma matsala ne, domin mai koyo zai yi jiri kafin minti ɗaya. Daƙiƙa 4 zuwa 4 da rabi a kowane zagaye shi ne matsakaicin da ake nema.

Farfela kafin inji

Kowace farfela tana ɗauke da lambobi biyu a ma'aunin inci, misali 6x4. Ta farko ita ce tsawonta daga baki zuwa baki. Ta biyu ita ce nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce iska tana da tauri kamar katakon da ake murɗa sukurudireba a ciki.

Inci 4 daidai yake da kusan santimita 10. Jirgin da ke cin mita 17 a daƙiƙa yana cin mita 1,020 a minti, don haka farfelar tana buƙatar juyi sama da 10,000 a minti. Da yake iska tana zamewa, sai a ƙara kimanin kashi 20 cikin 100, a nemi juyi 12,000 zuwa 12,500. Wannan lamba ita za a riƙe a tafi neman inji.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ganin cewa inci ɗaya ba wani abu ba ne. Ƙarfin da farfela ke zuƙa yana hauhawa da sauri ƙwarai in ta ƙara tsawo. Sauya mai inci 6 da mai inci 7, a juyi iri ɗaya, yana kusan ninka nauyin da ke kan inji. Injin da ke aiki lafiya jiya zai iya ƙonewa yau ba don komai ba sai don farfela ta karye an ɗaura wadda ta samu. Saboda haka a sayi farfela iri ɗaya guda biyar ko shida tun farko, domin ita ce ke fara karyewa. Wadda ta tsage kuma ba a liƙe ta da gam. A irin wannan juyi, ɓallin da ya fita zai iya tsiyayar da ido.

Inji da lambar kV

Injin da ya dace shi ne marar burushi, mai wayoyi uku, wanda gangar jikinsa ta waje ce ke juyawa da maganaɗisu a ciki. Injinan fankar caji da na motocin wasa masu wayoyi biyu suna da nauyi in aka gwada da ƙarfin da suke bayarwa, kuma burushinsu kan cinye da wuri a irin wannan aiki.

Lambobi biyu ake dubawa. Ta farko ta girma ce, kamar 2204 ko 2205: faɗin zuciyar injin milimita 22, kaurinta milimita 4 ko 5. Wannan aji ya dace da jirgi mai giram 250. Ta biyu ita ce kV, wato yawan juyin da inji zai yi a minti ga kowane bolt ɗaya in ba a ɗaura masa komai ba. Ba ma'aunin ƙarfi ba ce, kuma wanda ya fi yawan kV ba shi ne ya fi kyau ba.

In an ɗaura farfela, inji kan yi kimanin kashi 80 cikin 100 na wancan juyin. Da batir mai ƙwaya biyu, wato bolt 7.4, samun juyi 12,500 yana buƙatar kV wajen 2,100, don haka duk inji mai 2,000 zuwa 2,300 ya yi. Da batir mai ƙwaya uku, bolt 11.1, kV 1,400 zuwa 1,500 ake nema. Hanyoyin biyu duk suna kai wa ga juyi ɗaya.

Haɗarin yana wajen cakuɗa su. Wanda ya ɗauki inji mai kV 2,300 da farfela 6x4 ya jona masa batir mai ƙwaya uku ya ƙara juyi da kusan rabi, ƙarfin da farfela ke nema kuma zai iya ninkawa har sau uku. Wayoyin tagullar da ke cikin injin za su yi zafi, fentin da ya raba su ya narke, hayaƙi ya tashi. Takardar bayanin kowane inji tana nuna iyakar ampiyar da yake ɗauka, kuma ya kamata aikin yau da kullum ya tsaya ƙasa da wannan iyaka.

Batir: ba kowane litiyam ba

Batirin da ake amfani da shi shi ne wanda ake rubuta wa LiPo. Kowace ƙwaya tana da bolt 3.7 a matsakaici, 4.2 in ta cika, kuma tana lalacewa in aka zuƙe ta ƙasa da bolt 3. Alamar 2S na nufin ƙwaya biyu a jere, 3S kuma uku.

Lissafin girmansa mai sauƙi ne. Wat 70 a kan bolt 7.4 yana ba da kimanin ampiya 9 da rabi. Tashin minti 3, wanda ya ishi mai koyo, zai ci mAh 475. Ƙa'ida ita ce kada a ci fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikin batir, don haka ana buƙatar mai kusan mAh 600, kuma mai 650 shi ne na kusa a kasuwa. Sayen mai 1,500 don a daɗe a sama yana ƙara nauyin da zai sa jirgi ya nemi ƙarin ƙarfi, ƙarin ƙarfin kuma ya nemi babban inji. Gara ƙananan batura biyu ko uku da ake sauyawa.

Sai lambar C, wadda ke nuna yawan wutar da batir zai iya saki a lokaci guda. Mai mAh 650 da 25C zai iya ba da kimanin ampiya 16. Da yake wasu kamfanoni kan zuzuta wannan lamba, yana da kyau a zaɓi wanda lissafinsa ya kusa ninka abin da ake buƙata.

Tambayar da matasa kan fara yi ita ce ko batirin tsohuwar waya ko na kwamfutar hannu zai yi. Batirin waya yana da 'yar na'urar kariya da ke yanke wuta da zarar an ja fiye da abin da waya ke ci, kuma ba a yi shi don sakin ampiya 10 ba. Ƙwayoyin 18650 da ake cirowa daga kwamfuta ko fawa-banki kuwa kowace ɗaya ta kai kusan giram 45, biyu sun cinye kasafin kayan wuta duka, kuma irin na kwamfuta ba sa jure jan wuta mai yawa, balle waɗanda suka tsufa. Wutarsu takan faɗi a tsakiyar tashi, daidai lokacin da igiya ke buƙatar gudu. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Na'urar sarrafa gudu da na'urar lokaci

Inji marar burushi ba ya juyawa in an jona shi da batir kai-tsaye. Yana buƙatar na'urar sarrafa gudu, wadda 'yan kasuwa ke rubutawa ESC, ita ke rarraba wuta a wayoyin nan uku bi da bi. Ana zaɓen wadda ta fi buƙata da kimanin kashi 30 cikin 100: ga ampiya 9 da rabi, mai ampiya 12 ita ce mafi ƙanƙanta, kuma a ƙasa mai zafi mai 15 ko 20 ta fi kwanciyar hankali in nauyinta bai yi yawa ba. In inji ya juya ta baya, sauya kowane biyu daga cikin wayoyin uku yana gyara shi.

Akwai tarko ɗaya a nan. Na'urar lokaci tana cin bolt 5, kuma daga ESC take samu, ta wani sashe da ake rubuta wa BEC. Da yawa daga cikin na'urorin da aka yi don jirage marasa matuƙi masu farfela huɗu ba su da wannan sashe. Wanda ya sayi irinsu zai haɗa komai daidai amma ba abin da zai motsa.

Na'urar lokaci ita ke maye gurbin rimot. Aikinta huɗu ne: ta jira daƙiƙa 20 zuwa 30 bayan an danna maɓalli domin matuƙi ya isa ga mariƙinsa, ta tashi inji zuwa gudun da aka saita, ta yi gargaɗi da ɗan sauyin ƙara in lokaci ya kusa, sannan ta kashe. Akwai na sayarwa iri-iri, ciki har da wadda Keith Renecle na Afirka ta Kudu ya ƙirƙira, mai riƙe juyin inji daidai ko da batir ya fara sanyi, kuma mai kashe inji in farfela ta bugi ƙasa.

Wannan ne kuma sashen da ɗalibi zai iya haɗawa da kansa. Saƙon da ESC ke jira bugun wuta ne sau 50 a daƙiƙa: bugu mai tsawon kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yana nufin a tsaya, mai kashi biyu yana nufin cikakken gudu. Ƙaramin allon Arduino da layuka kaɗan na umarnin kwamfuta sun isa. Abin lura shi ne na'urar lokaci ce ya kamata ta kashe inji, tun batir na da saura. In aka bar wa ESC ta yanke saboda batir ya ƙare, za ta iya yankewa lokacin da jirgi ke saman kan matuƙi.

Wayoyi da kuza

Ampiya 10 ba ta bi ta wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. Mahaɗin da bai kama ba yana zafi, yana cin wuta, kuma girgiza na iya raba shi a sama. Dole a liƙe kowane mahaɗi da dalma, a rufe shi da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, a kuma sa wa batir soket da ba ya shiga a juye, domin juya wayar ja da baƙa yana kashe ESC nan take.

Dalmar liƙin da masu gyaran rediyo ke amfani da ita kusan kashi 60 cikin 100 nata kuza ce, ma'adinin da ya fitar da sunan Riruwai. Mutanen garin sun san narka kuza tun kafin zuwan Turawa, kuma duwatsun yankin suna cikin wuraren da masana ilimin ƙasa suka fi nazari a Najeriya saboda kuza, tutiya da sauran ma'adinai. Yaron da ke liƙa wayar jirginsa a garin yana aiki ne da irin abin da ake haƙowa a bayan gidansu.

Zafi, tudu da hunturu

Teburan gwajin da kamfanoni ke bugawa ba a yanayin bazarar Kano aka yi su ba. Iska mai zafi ta fi sirantaka: a digiri 40 kaurinta ya ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 in aka gwada da digiri 15. Tudu ma yana rage shi da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100, kuma Riruwai tana kan tsaunuka, sama da birnin Kano. Ma'ana fiffike da farfela duk suna samun ƙarancin abin kamawa, ga kuma inji da ESC ba sa hucewa da wuri. Maganin shi ne a rage nauyi, a bar kayan wuta a inda iska ke bugunsu, a kuma yi tashi da sanyin safiya ko bayan la'asar.

A hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Maganaɗisun inji yana jawo ƙwayoyin yashi masu ƙarfe, in jirgi ya soki ƙasa sai a juya injin da hannu a ji ko yana gurza kafin a sake jona wuta. Ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi kuwa jirgi mai giram 250 ba shi da abin yi a fili.

Kafin tashin farko, a riƙe jirgi a ƙasa a kunna inji na daƙiƙa 10 zuwa 15 tare da mitar awon ampiya a tsakanin batir da ESC. In adadin ya wuce iyakar inji, a koma ƙaramar farfela ko a rage gudu. Bayan tashi, injin da yatsa ba zai iya zama a kansa na 'yan daƙiƙoƙi ba ya yi zafi fiye da kima. Cajar ma shaida ce: in ta mayar da fiye da mAh 520 cikin batir mai 650, a rage lokacin tashi.

Gobara, wayar wuta da hukuma

Batirin LiPo da aka yi wa cajin da ya wuce kima, ko aka huda, ko ya kumbura, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Cajar waya ba ta yi masa. Ana buƙatar caja mai daidaita ƙwayoyi, wadda ke lura da kowace ƙwaya daban, a saita ta a ampiya 0.6 ga batir mai mAh 650. Yawancin irin waɗannan cajoji suna karɓar bolt 12, don haka batirin sola ko na mota ya wadatar a garin da wutar lantarki ba ta tsayawa. A yi caji a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da katifa, buhunan hatsi da jarkar fetur, da bokitin yashi a kusa, kuma kada a tafi a bar shi. Batirin da za a ajiye fiye da 'yan kwanaki a bar kowace ƙwaya a bolt 3.8, a inuwa.

Fili ya zama fayau, aƙalla mita 30 ta kowane ɓangare. Filin ƙwallon makaranta ya isa. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne nisantar wayoyin lantarki, musamman ga mai amfani da igiyar ƙarfe, domin wuta mai ƙarfi tana iya tsallakowa ko ba a taɓa waya ba. Zaren kamun kifi saƙaƙƙe marar talewa ya fi dacewa da ƙaramin jirgi, amma shi ma ba a kusantar waya da shi, kuma ba a tashi in hadari ya haɗo. A gasar duniya ta ƙwarewar juyi ana gwada igiyoyi da jan da ya ninka nauyin jirgi sau goma. Ga jirgi mai giram 250, kilo biyu da rabi ke nan. 'Yan kallo su tsaya bayan da'ira, mariƙi kuma a ɗaure shi a wuyan hannu.

Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta sanar da cewa tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Jirgin igiya ba ya ɗauke da kyamara kuma ba ya wuce tsawon igiyarsa, amma a yankin da ke maƙwabtaka da dajin Falgore, inda jami'an tsaro ke sa ido, hikima ce shugaban makaranta ya sanar da mai gari da ofishin 'yan sanda kafin a fara.

Abin da za a rubuta a takardar oda

Ga jirgi mai giram 250 da igiyar mita 11, lissafin ya tsaya a kan farfela 6x4, inji ajin 2204 ko 2205 mai kV 2,000 zuwa 2,300, batir 2S mai mAh 650 da aƙalla 25C, ESC mai ampiya 12 zuwa 20 da ke da BEC, na'urar lokaci da aka saita a minti 3, da caja mai daidaita ƙwayoyi. In nauyin jirgi ya sauya, duk sauran lambobin sai an sake su daga farko.

Kowane mataki na wannan lissafi yana cikin darussan fiziks da lissafi na babbar sakandare: kewayen da'ira, gudu, ƙarfin lantarki, zafi da kaurin iska. Jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, wadda kuma ke maƙwabtaka da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna, ba ta rasa inda ɗalibin da ya fara da jirgin igiya zai dosa. Abin da makarantar karkara ke buƙata don farawa bai wuce sikeli, mitar awon wuta, saitin kaya ɗaya da aka zaɓa da lissafi, da malamin da zai sa ɗalibai su auna kafin a kashe ko sisi ba.